Isufu Bai Yi Sata Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Labarin ya same ni ranar Talata da hantsi, ina tsaye bakin teburin naman babana a unguwar Kalley cikin Yamai, ina kankare tumbin sa. Waya ta yi ƙara, na ga sunan Inna Mariama, kakata. Na ɗauka da irin gaisuwar da na saba yi mata, na ce, "Amaryata, ya aka yi, tsohon nan ya sake ki ne in kawo goro?" Ta ce, "Lawali, ajiye wuƙa. Abokin faɗanka ya tafi." Na ajiye. Ban tuna yadda na ƙetare gada zuwa gidansu a unguwar Lamordé ba. Abin da na tuna shi ne na iske an rufe shi da farin bargonsa, ƙafafunsa sun ɗan leƙo, maƙwabta Zabarmawa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa fonda tilas, gaisuwarsu ta ta'aziyya.

Sunansa Isufu, mutumin Madawa ne, shi ya haifi uwata. Ya zo Yamai tun yana saurayi, ya kama aikin gadi a gidajen Turawa, a can ya koyi kiwon manyan karnuka, irin waɗanda in sun tsaya da ƙafar baya sai su dafa kafaɗar namiji. Sama da shekara talatin wannan ne aikinsa. Mutanenmu ba su ɗauki aikin da daraja ba, ni ma na sani. Akwai waɗanda ba sa son haɗa kwano da shi. Bai taɓa yi musu gardama ba. Yana da rigar aiki da rigar salla, kowace da ƙusarta, kuma in yawun kare ya taɓa masa wani abu yakan wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda malamai suka karantar da mu a makarantar allo. Ban san mutum mai tsabtar Kaka ba, kuma waɗanda suke ƙyamarsa sun san haka.

Ni tun ina yaro tsokanarsa ce sana'ata. Na ɓoye masa carbi, na zuba masa gishiri a shayi, na taɓa ɗaure masa takalma biyu da juna yana cikin salla. Yakan bi ni da sanda yana cewa, "Ɗan banzan jika, in na kama ka sai na ba Giwa kai ta yi kalaci." Ba ya kama ni, don ba ya son kama ni.

Giwa karya ce, irin da Faransawa ke kira dog alman, baƙa wuluk, mai farin tabo a ƙirji. Shekara takwas ke nan da wani ɗan kasuwa mai suna Alhaji Kadri ya sa aka kawo masa ita tana ƴar kwikwiya, ya ɗauki Kaka ya kula da ita a gidansa na unguwar Dar es Salam. A teburinmu Kaka yake sayen namanta, ni kuma in na tashi aiki sai in bi shi in ga abin mamaki. A nan na gane cewa ciyar da irin wannan dabba karatu ne mai zaman kansa.

Kaka yana da gwangwanin tumatir ɗaya da yake awo da shi, bai taɓa zuba abinci da ido ba. Tana ƙarama sau huɗu yake ba ta a rana, kaɗan kaɗan. Da ta kai wata uku ya mai da shi sau uku, bayan ta tasa ya tsaya a kan sau biyu, da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, da bayan la'asar in ƙasa ta huce. Shinkafa, dafaffen nama marar kitse, tumbi, kabewa, karas, wani lokaci ƙwai. In mai gida ya sayo kuroket, busasshen abincin kare na shago, sai Kaka ya kai buhun wurin likitan dabbobi a karanta masa, ya tabbatar na ƴaƴan manyan karnuka ne kafin ya buɗe. Ba albasa, ba yaji, ba ƙashin kaza dafaffe. Sa'a guda kafin ci da sa'a guda bayan ci, ba gudu ba tsalle, don ya ce cikin irinsu yana iya murɗewa ya kumbura, in ya kumbura kuma sai dai haƙa rami. Wata rana na ba Giwa kilishi mai yaji a ɓoye don in ga yadda fuskarta za ta yi. Da gari ya waye Kaka ya miƙo mini shebur da tsintsiya, ya nuna mini bayan gida, kwana uku ina kwasar abin da na shuka yana zaune a inuwa yana shan shayi yana cewa, "Ga wani can ka bari, angon Mariama."

Maganar da ya fi maimaitawa ita ce, "Wanga kare jinjiri ne har ya shekara biyu. Ƙashinsa na gudu, in ka ɗora masa nama kafin ƙashi ya ƙosa ka karya shi da hannunka." Yakan kama hannuna ya ɗora a gefen Giwa ya ce, "Ka ji haƙarƙari? Haka ake so. Hannu ya ji shi, ido ya ɗan yi shakka. Ranar da hannu ya rasa shi ka rage gwangwani." Da wannan awo ya raini Giwa har ta zama abin kallo a unguwa, ƙafafunta miƙe kamar an auna da igiya, ba ta taɓa kwana a wurin likita ba.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma masu cewa in yi haƙuri in rufe baki saboda mamaci ya riga ya tafi, su yi haƙuri su ma. Mamacin ne aka zalunta, kuma ba shi da bakin magana sai nawa.

Shekarar da ta wuce Giwa ta yi haihuwarta ta ƙarshe. Alhaji Kadri ya rarraba ƴaƴan, ya riƙe namiji guda aka sa masa suna Toro. Alhaji yana da wani aboki mai irin wannan kare, su biyun suna gasa a kan komai, mota, gini, har yawan rago ranar layya. Da Toro ya kai wata biyar abokin ya zo ya gan shi, dogo, siriri, duk ƙafa, ya yi dariya ya ce a gidan Kadri kare ma azumi yake. Wannan dariya ce mafarin komai. Alhaji mutum ne da ya tashi a gidan kiwo, a wurinsa dabbar da ake so ita ce mai ƙiba, kamar ragon da aka turke wata shida ana ɗura masa dusa da harawa. Ya kira Kaka ya ce a ninka wa Toro abinci, a ƙara masa madara da kitse da wasu ƙwayoyin ƙarfin ƙashi da ya sayo a farmasi.

Kaka ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wanga ba rago ba ne. Rago ana turke shi don a yanka. Wanga shekara takwas ko tara zai yi bisa ƙafafun nan."

Alhaji ya ce, "Ni zan sayi nama kai kuma ka gaya mini yadda za a ci shi?"

Kaka ya ce, "Naman naka ne, kare naka ne. Amma hannuna ba zai zuba ba."

Tun daga ranar Alhaji ya fara tunanin inda naman yake zuwa.

Sai ranar da ba zan manta ba har in bi Kaka. Ya zo teburinmu da safe ya ɗauki naman karnuka, ya ajiye jakarsa ta buhu a gefe ya shiga gaisawa da babana. Ni kuwa shaiɗanin tsokana ya taso mini. Na yanki tsoka mai kyau daga cinya, na ƙulle a leda, na cusa ta can ƙarƙashin rigar sallarsa, don in ya isa gida Inna ta buɗe ta gani in ce mata ga toshin ango, mijinki bai taɓa kawo irinsa ba. Bai san na sa ba. Da yamma zai tashi aiki, Alhaji ya tare shi a bakin ƙofa, gaban direbobi, gaban masu gadin maƙwabta, gaban Hamani mai shayi da duk wanda ke zaune a bencinsa. Hamani ne ya ba ni labarin kalma da kalma. Alhaji ya ce, "Isufu, akwai nama a jakar nan?" Kaka ya ce babu. Alhaji ya ce ya rantse. Kaka, wanda ban taɓa jin ya rantse a kan komai ba, ya ce, "Wallahi babu." Alhaji ya fizge jakar ya zazzage ta a ƙasa. Rigar salla ta faɗi cikin ƙura, carbi ya faɗi, ledata ta faɗi a kansu.

Hamani ya ce Kaka ya daɗe yana kallon ledar. Ya sunkuya ya ɗauki rigarsa ya kakkaɓe, ya ɗauki carbinsa, ya bar naman a ƙasa ya kama hanya. Alhaji yana bayansa yana ɗaga murya, "Ku gani, tsoho da furfura, ɓarawon abincin kare, ga rantsuwar ƙarya!"

Washegari tun da safe na je gidan. Na ce wa Alhaji ni na sa naman, daga teburinmu yake, a tambayi babana, a kawo Alƙur'ani in dafa. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Jika ya zo wanke kakansa. Ku duka gidanku ɗaya ne." Ya sa aka rufe ƙofa. Na koma sau uku. A na ukun ko fitowa bai yi ba.

Na je Lamordé na durƙusa gaban Kaka ina kuka kamar yaro. Ya ce, "Tashi, ka ɓata mini tabarma da majina. Na san aikinka ne tun da na ga ƙullin ledar, kai kaɗai ke ƙulli irin na mahaukata." Bai ƙara tayar da maganar ba. Amma na ga abin da ta yi masa. Labari ya zagaya manyan gidaje, ba wanda ya sake kiransa aiki. Mutumin da ke sahun gaba a masallaci ya koma na baya, kusa da takalma. In aka yi miya da nama a gida sai ya tura tsokar gefen kwano. Kullum na je tambayarsa ɗaya ce: "Ka ji labarin Toro?"

Na ji, don Hamani ba ya ɓoye mini komai. An ɗauko wani sabon mai gadi da bai san kare ba sai jifa, aka ce ya cika wa Toro daro sau ɗaya a rana, tuwo, kitse, madara, ƙwayoyi. Toro ya yi ƙiba har Alhaji yana ɗaukar hotonsa yana aika wa abokai. A wata tara ƙafafun gaba suka lanƙwashe, na baya suka fara rawa, in ya kwanta sai an taimaka masa ya tashi. Wata Asabar aka cika masa daro ya cinye tas, baƙi suka zo, Alhaji ya sa aka jefa masa ƙwallo don a ga gudunsa. Kafin magariba cikinsa ya kumbura kamar ganga, yana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa. Kafin likita ya iso ya mutu. Likitan ya tambayi yadda ake ba shi abinci, da aka gaya masa ya ce wa Alhaji a gaban kowa abincin ne ya kashe shi, kuma wanda ya raini uwar ya san aikinsa.

Ba zan yi ƙarya a kan kaina ba. Na yi murna. Na hau babur na ruga Lamordé ina dariya, na ce, "Kaka, albishirinka, Allah ya rama maka, ragon Alhaji ya fashe!" Ya tashi daga kishingiɗe ya kwaɗa mini mari, shi ne na farko kuma na ƙarshe a tsawon rayuwata. Ya ce, "Toro ne ya zazzage mini jaka? Mi ya yi maka?" Sai ya juya fuska bango. Na ga kafaɗunsa suna motsi.

Bayan wannan jikinsa bai sake daidai ba. Hawan jini ya kwantar da shi, gefe guda ya yi nauyi. A cikin jinyar, in na zauna kusa da shi, ba ya yi mini wasiyyar gona ko gida. Giwa yake zance. Ya ce ta tsufa, irinsu a shekara bakwai sun zama tsofaffi. A rage mata shinkafa da kitse don gwiwoyi ba sa ɗaukar nauyi. A koma sau uku a rana kamar yarinya. A jiƙa mata abinci da romo mai ɗumi saboda haƙora, a daka naman, a sa ɗan kifi sardin sau biyu a mako, a shimfiɗa mata buhu kada ta kwanta bisa siminti. Yakan sa in maimaita kamar hadda, in na tsallake abu ya ce, "Koma baya, daƙiƙi." Na ce, "Kaka, ina ruwana da karyar Alhaji?" Ya ce, "Yunwar dabba ba ta san wanda ya yi laifi ba."

Alhaji Kadri bai zo duba shi ko sau ɗaya ba, duk da abin da likita ya faɗa masa. Ranar sadakar uku sai ga motarsa a Lamordé, da buhun shinkafa a baya. Ya zauna a tabarma aka yi fatiha. Da aka fara watsewa ya jawo ni gefe ya rage murya ya ce Giwa ta daina cin abinci, ta rame, ba ta ko ɗaga kai, ya ji an ce na san hannun tsohon, in zo zai biya ni yadda nake so. Zan ba shi haƙƙinsa ɗaya: yana son karyar nan da gaske, na gani a idonsa. Na ce da murya yadda kowa zai ji, "Alhaji, ga mutane nan ba su tafi ba. Ka ce Isufu bai yi sata ba, yanzu in bi ka." Liman ya ce, "Lawali, ba wurin wannan ba ne." Alhaji ya gyara babbar riga ya shiga mota. Inna ta aiko daga cikin gida aka mayar masa da buhunsa.

Kwana biyu ina cewa a raina bari Giwa ta mutu. Bari Alhaji ya haƙa rami na biyu kusa da na Toro, ya tsaya a kai ya tuna wanda ya kora. Na ji daɗin wannan tunani, ba zan ɓoye ba. Amma duk lokacin da na kankare tumbi sai in ji bakina yana karanta haddar nan shi kaɗai, romo mai ɗumi, nama dakakke, sau uku. Tsohon ya san abin da yake yi da ya cusa mini ita. Ya ɗaure ni ne tun yana da rai.

Na dafa, na ɗauki jakarsa ta buhu da gwangwaninsa, na tafi Dar es Salam. Na ce wa mai gadi ba zan taka cikin gidan ba, a fito mini da Giwa bakin ƙofa. Da ƙyar ta fito, ƙasusuwan baya duk a waje. Ta shinshina jakar ta daɗe, sannan ta sa baki a kwano ta ci rabi. Hamani ya ce rabon da ta ci haka an yi mako biyu.

Daga ranar na tsara aikina. Kowace safiya, daidai lokacin da motar Alhaji take fitowa, nakan tsaya a gurbin da Kaka ya tsaya, in ɗaga jaka sama in yi kira kamar mai shela: "Jama'ar benci, a zo a yi bincike! Jikan Isufu ya iso!" Sai in zazzage ta a kan buhu in riƙa ɗagawa ɗaya ɗaya. "Ga tumbi, na teburin babana ne, ba na Alhaji ba. Ga kabewa. Ga kifi. Hamani, ka shinshina, ko ka ji warin sata?" Hamani ya ce, "Wallahi sai warin kifi, Bahaushe, ka matsa mini daga shayi." Direbobi su kwashe da dariya. Alhaji ya aiko mini da kuɗi a ambulan, na buɗe a gaban benci na mayar. Korata ba ta yiwuwa, don Giwa ba ta cin na kowa sai nawa, an gwada. Ya canja lokacin fita, Hamani ya kira ni a waya na canja nawa. Har masu wucewa zuwa aiki suka fara tsayawa kallo, wanda bai san labarin ba a ba shi tun daga farko.

A rana ta goma sha ɗaya motar ta tsaya. Gilashi ya sauka. Ya ce, "Lawali, ya isa haka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai za ka isar da shi."

Ya dubi benci, ya dubi Giwa da ke lashe kwano, ya ce ƙasa ƙasa, "Isufu bai yi sata ba."

Na kama kunnena na ce, "Alhaji, tun da Kaka ya mare ni wannan kunnen ba ya ji sosai. Ranar da ka kira shi ɓarawo har gidan can na huɗu sun ji, kuma a tsaye kake."

Ya buɗe ƙofa ya fito. Ya ce da ƙarfi, "Isufu bai yi sata ba. Bai yi rantsuwar ƙarya ba. Ni na zalunce shi, kuma ni na kashe Toro." Hamani ya ajiye buta ya ce, "Mun ji, mun shaida."

Na kai wa Inna labarin. Ta yi kuka, ta ce ita ta yafe masa saboda Allah. Ni ban yafe ba, kuma ba zan rubuta cewa na yafe don mutane su ce na yi hankali ba. Maganar da ya faɗa ta makara da wata bakwai, wanda ya kamata ya ji ta yana ƙarƙashin ƙasa. Sauran shari'ar tana gaban wanda ba a rufe masa ƙofa, kuma ni ma zan tsaya a can da ledata a hannu. Giwa kuwa zan ci gaba da ba ta abinci sau uku a rana har kwananta ya ƙare. Jiya na ɗora hannu a gefenta, nama ya fara dawowa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Isufu ɗan Madawa. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabari, ka sa duk cikin da ya ƙosar, na mutum da na dabba, ya zama nauyi a ma'auninsa. Ka mayar da shi sahun gaba a gidan da ba a ƙyamar kowa. Ka ba Inna Mariama haƙuri da lafiya, ka rufa wa uwata da ƴan'uwanta asiri, ka shiryar da mu jikokinsa. Ka yafe mini wasan da ya jawo masa kunya, don shi ya riga ya yafe. Wanda ya karanta wannan ya yi masa fatiha, ya kuma faɗi a inda ya taɓa jin akasin haka cewa Isufu ya mutu da tsabtataccen hannu. Amin.